Yadda Sankara Ke Tsinke Birkin Ƙwayoyin Jiki

A cikin kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne taka mata birki idan ta fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, kuma sai an kawar da su sankara ke samun gindin zama. Da yake mutum yana gadon kowacce sau biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, yawanci sai duka biyun sun lalace kafin ƙari ya tsiro. Alfred Knudson ne ya fito da wannan bayani a 1971, bayan nazarin sankarar idon ƙananan yara, wadda farin da ke bayyana a tsakiyar ido kan tona asirinta. Ya lura cewa masu gadon cutar kan kamu da wuri, sau da yawa a ido biyu, domin tun daga ciki suka zo da ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon biyu a lalace.

Mafi shahara a cikin waɗannan ƙwayoyin gado ita ce mai samar da furotin p53, wanda aka gano a 1979. Idan bayanan gadon ƙwaya suka sami illa, p53 yakan dakatar da rabuwarta har a gyara, in kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara sai ya sa ta kashe kanta. Kusan rabin sankarar da ke kama mutane ana samun wannan ƙwayar gado a gurɓace, kuma abin da ke gurɓata ta wani lokaci yana cikin rumbu: gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke sauya harafi guda a wuri na 249 na ƙwayar gadon, sauyin da ake yawan gani a sankarar hanta a Afirka ta Yamma, musamman ga masu ciwon hanta nau'in B.

Ba kullum ne ƙwayar gadon ke lalacewa ba, kuma nan ne lamarin ya fi wayo. Ƙwayar cutar HPV, wadda nau'inta na 16 da na 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, takan bar ƙwayar gadon lafiya lau, sai ta ƙera furotin E6 da ke sa a narkar da p53, da kuma E7 da ke ɗaure furotin Rb, wato wanda rashinsa ke jawo sankarar idon yara. Saboda haka ne Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a Oktoban 2023, tun kafin cutar ta shiga jiki.