Hoton tsiraici na jabu: wa Shari'a ke ɗora wa laifi?

Daga Gyadi-Gyadi zuwa kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, da wuya a sami gidan da babu babbar waya. Da irin wayoyin nan ne ake amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a ciro fuskar yarinya daga hoton biki ko na makaranta, a ɗora a kan tsiraicin da ba nata ba. Idan hoton ya faɗo zauren WhatsApp, tambayar da muka saba yi ita ce: me ya kai ta sa hotonta a intanet?

Wannan ɗabi'a ba sabuwa ba ce a wurinmu. A 2007, da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin Kano, sunanta ne ya cika gari, hannayen da suka yi ta tura shi kuwa ba a cika tuhumar su ba. Yau abin ya fi muni, domin wadda ba ta aikata komai ba ma ba ta tsira ba.

Musulunci ya riga ya raba gardama tun ranar da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ƙage. Suratun Nur ta wanke ta, ta ɗora mafi girman alhaki kan jagoran ƙaryar, Abdullahi bn Ubayyu, amma ba ta ƙyale masu yayatawa ba. An yi wa Misɗahu, Hassanu bn Sabit da Hamnatu bint Jahshin bulala tamanin-tamanin, duk da kasancewarsu sahabbai. Har masu saurare an yi musu faɗa kan rashin kyautata zato. Surar ta shardanta shaidu huɗu, to ina ga hoton da na'ura ta ƙera?

Dokokin zamani ma sun fara bin wannan hanya. A 2024 Koriya ta Kudu ta mayar da ajiye irin waɗannan hotuna da kallonsu laifi.

Saboda haka idan hoton ya iso gare mu, kada mu tura, ko da sunan jan kunne ne. Idan kuwa 'yarmu ce abin ya faɗa wa, kada mu cire ta daga makaranta, kada mu bari a fasa aurenta a kan ƙarya. Mu adana hujja, mu kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hisbah. Ita aka zalunta, kunyar ta maƙagin ce da masu taya shi. Allah Ya suturta mu baki ɗaya.