Kantu da Langa-Langa: sunayen da suka rage bisa filin kokowa

Duk wanda ya shiga babban filin kokowa na birnin Damagaram, filin Langa-Langa ya shiga. Yara da yawa suna faɗin sunan ba su san mutum ba ne, ɗan kokowar jahar, wanda ya sha riƙe tutar Damagaram gaban ƙartin Tawa da Maraɗi.

Kafin zamaninsu, kokowa wasan kaka ce. In an gama girbin hatsi, samarin ƙauye su gayyaci na maƙwabta, makaɗa su tada ganga, kowa ya ɗaura layunsa ya yi kirari. Gwamnatin Seyni Kunce ce ta maida ta gasar ƙasa. A shekara ta 1975 aka yi ta farko a Tawa, inda Yakuba Ango, wanda aka sani da Kantu, ɗan Maraɗi, ya ka da abokan karawarsa ya ɗauki takobi. Filin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso ya ɗauki sunan Salma Ɗan Rani.

Sai dai ƙarfi ba ya daɗewa a jiki. Ɗan kokowa ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai jira kuɗin fansho. Ranar da gwiwa ta ƙi, gona ce ko kasuwa. Waɗansu kan koma horar da matasa, su raka tawagar jaharsu, mutum goma, zuwa gasar takobi.