Dajin Falgore: Ko masu yawon buɗe ido za su dawo?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, da ya wuce Tudun Wada zai shiga wani ƙungurmin daji na doka da maɗaci da kaɗanya. Wannan shi ne dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Kano.

Dajin dai ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 92,000.

A shekarar 1949 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a 1969, zamanin Gwamna Audu Bako, aka mai da shi gandun namun daji.

Me ake zuwa kallo?

Daga cikin namun da aka san dajin da su akwai gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri, ga kuma tsuntsaye iri-iri.

Lokacin rani ya fi dacewa da kallo, domin a sa'ilin ciyawa ta bushe, namun kuma kan taru a bakin kogi don shan ruwa, musamman da sanyin safiya da kuma la'asar sakaliya.

Mai tafiya a ƙasa na buƙatar ɗan jagora da ya san sawu, da haƙuri, da kuma kame baki, don kuwa naman daji kan ji motsin mutum tun kafin mutum ya hango shi.

Ina gizo ke saƙa?

Sai dai namun sun ragu ƙwarai, sakamakon farauta ba bisa ƙa'ida ba, da kiwo, da saran itace, da kuma cinna wa daji wuta.

Haka nan kuma, dajin ya yi ƙaurin suna a matsayin maɓoyar 'yan fashi da ɓarayin shanu, abin da ya sa a shekarar 2017 rundunar sojan Nijeriya ta mai da wani sashensa filin atisaye.

A shekarar 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗaga darajar Falgore, tare da wasu dazuzzuka tara, zuwa gandun daji na ƙasa.

To amma sauya suna kaɗai ba ya dawo da gwanki. Sai an samu isassun masu gadin daji, da tsaron hanya, da haɗin kan Fulani makiyaya da manoman da ke zaune a gefen dajin.

Batun kuwa ya wuce na shaƙatawa. Kogin Kano ta cikin dajin yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974.

Idan itatuwan suka ƙare, zaizayar ƙasa za ta riƙa tura yashi cikin madatsar, wadda masu noman rani a Kadawa da Kura, da ma masu shan ruwan famfo a birnin Kano, suka dogara da ita.