MAL WHITFIELD: SOJAN DA YAƘI BAI RAGE WA GUDU BA

A wasannin Olamfik na 1932 a birnin Los Angeles na Amurka, wani yaro baƙar fata mai shekara 7 ya saci jiki ya shiga filin wasa ba tikiti. Can ya ga Eddie Tolan, baƙi ɗan'uwansa, ya lashe tseren mita 100. Yaron nan shi ne Malvin Whitfield, wanda aka haifa a Texas cikin 1924. Maraya ne, yayarsa ce ta ƙarasa renonsa a unguwar Watts.

Tseren da ya zaɓa wa kansa shi ne na mita 800, watau zagaye biyu na fili. Masana sun ce ba tseren da ya fi shi wuyar sha'ani, domin ya yi wa mai gudun tsiya tsawo, ya kuma yi wa mai dogon numfashi gajarta. Wanda ya saki ƙafa da wuri, numfashi ya yanke masa; wanda ya yi nawa, a tsare masa hanya. Dabarar Whitfield ita ce ya yanke jiki ya wuce tun da sauran tafiya, ya bar na baya da bin sawu.

Cikin 1948 ya je Landan yana saje a rundunar mayaƙan sama. Babban abokin karawarsa shi ne Arthur Wint na Jamaika, dogo sambal, wanda shi ma ya tuƙa jirgin soja a Ingila. Whitfield ya kayar da shi cikin minti 1 da daƙiƙa 49.2. A mita 400 kuwa Wint ne ya ci, Whitfield ya zo na uku.

To, daga nan sai yaƙin Koriya ya ɓarke cikin 1950. Aka tura shi a matsayin mai harbi daga wutsiyar jirgin yaƙi, ya fita farmaki sau 27. In jirgi ya sauka, wasu su nemi makwanci, shi kuwa ya bi titin saukar jirage yana gudu. Mai karatu ya auna da kansa, wane ɗan wasa ne a yau zai yarda da irin wannan filin atisaye?

Da aka hallara a Helsinki cikin 1952, ga Wint kuma a gefensa. Aka ruga, Whitfield ya sake ci, Wint ya sake zuwa na biyu, agogo kuma ya sake nuna minti 1 da daƙiƙa 49.2, ba ƙari ba ragi. Shekara huɗu da yaƙi guda sun shige, amma ko ƙiftawar ido ba su rage masa ba. Sai dai Jamaikawa sun huce haushi a tseren miƙa sanda na mutum huɗu, inda suka bar Amurka da azurfa.

Cikin 1954 ya zama baƙin mutum na farko da ya karɓi kyautar Sullivan, wadda a lokacin ake bai wa gwarzon 'yan wasan Amurka da ba sa wasa don kuɗi. Bai sami gurbin zuwa Olamfik na 1956 ba, ya jingine takalmansa. Sauran ƙarfinsa a Afirka ya ƙarar da shi, shekaru da dama yana horar da matasa 'yan tsere a ƙarƙashin ofishin watsa labarai na Amurka, yana kuma nema musu guraben karatu. Ya rasu a Washington cikin Nuwamba 2015 yana da shekara 91.