Kumburin da Ya Ƙi Jin Magani Bayan Aikin Muƙamuƙi

An yi wa mutum aikin gyaran muƙamuƙi. An yanka ƙashin ta cikin baki, an daidaita shi, an ɗaure da ƙananan ƙusoshi. Ɗinki ya warke, har mutumin ya koma cin tuwo. Kwatsam bayan 'yan watanni sai kumburi mai tauri ya ɓullo a gefen haɓa, ba ciwon kirki, ba zazzaɓi. Ya fashe, ya zubar da mugunya, ya rufe, ya sake fitowa a gefe.

Maganin mako guda yakan kwantar da shi, ana dainawa ya dawo. Aka zargi ƙusoshin, aka cire, shiru. Aka duba tarin fuka da sankara, babu. Aka kai mugunyar ɗakin gwaji, bayan kwana biyu aka ce ba abin da ya tsiro.

Ashe bakin zaren yana cikin mugunyar: wasu 'yan tsaba ruwan ɗorawa, kamar ƙwayar gero. Irinsu Otto Bollinger ya gani a 1877 a muƙamuƙin shanu masu kumburi, James Israel kuma ya gan su a jikin mutane a Berlin a 1878. Curin ƙwayoyin cuta ne da ake kira Actinomyces.

To me ya hana gwaji kama su? Ba sa shiri da iska, kuma tsirowarsu kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. In mugunyar ta sha iska a hanya, ko aka zubar da farantin gwaji da wuri, sai a ce lafiya lau.

Saura tambayar inda suka fito. An daɗe ana cewa daga tauna ciyawa ne. A 1891 Israel da Max Wolff suka tsirar da su a inda babu iska, daga baya aka tabbatar cewa mazauna bakin kowa ne, a dasashi da tsakanin haƙora. Ba sa iya huda lafiyayyar fatar baki sai an buɗe musu ƙofa, kuma wuƙar aiki ta buɗe.

Maganin tsohon sani ne, fenisilin: allura ta makonni, sannan ƙwaya ta watanni, wani lokaci har shekara, tare da kankare ƙashin da ya mutu. Wanda ya ga kumburi ya sace ya ajiye magani, ciwon na iya dawo masa.