Zumunci da Sirrin Gwamnati: Yadda Dangi Ke Shafar Aikin 'Ya'yanmu a Amurka

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane da ya zama ɗan ƙasa a Amurka, yana aikin soja ko yana hidima a kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila. Galibin manyan muƙaman wannan fage ba sa samuwa sai da izinin ganin bayanan sirri. Kafin a ba da izinin kuwa, mu da ke zaune a Kano, Damagaram ko Kumasi muna cikin waɗanda ake tambaya a kansu.

Mai neman izinin yana cike fom mai suna SF-86. A ciki zai rubuta iyayensa, 'yan'uwansa da surukansa, da ƙasar kowannensu. Zai ambaci 'yan wata ƙasa da ya yi hulɗa ta kusa da su cikin shekaru 7 da suka wuce, da dukiyar da ya mallaka a waje, da wanda yake aika wa kuɗi. Ashe ke nan ɗan abin cefanen da ake turo wa mahaifiya duk wata yana da gurbi a takarda.

Jami'an tantancewa suna aiki da ƙa'idoji 13 da suka fara aiki a 2017, ta biyunsu ita ce ta tasirin ƙasashen waje. Fargabarsu ita ce kada wata gwamnati ko ƙungiyar ta'adda ta riƙe mahaifin mutum ko ta tsoratar da shi, domin ta tilasta wa ɗan ya fitar da sirri. Shi ya sa suke duba halin ƙasar da dangin suke, da aikinsu, da zurfin zaman mai neman a Amurka. Samun dangi a waje shi kaɗai ba ya hana izini, kuma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 12968 na 1995 ya hana nuna bambancin addini ko asali. Sai dai Kotun Ƙoli ta bayyana a 1988 cewa izinin ba haƙƙin kowa ba ne, kuma idan shakka ta shigo, tsaron ƙasa ake rinjayarwa.

A nan ne wasu ke tuntuɓe. Tsoro yakan sa wani ya ɓoye sunan ɗan'uwa, wani kuma ya daina kiran gida. Na farko ya aikata laifin da ɗaurinsa kan kai shekaru 5, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Na biyu ya yanke zumunci, alhali dokar ba ta nemi haka ba. Shari'a ta wajabta sada zumunci, ta kuma wajabta gaskiya da riƙon amana, ɗayansu bai kore ɗaya ba.

Mu ma da ke gida muna da namu nauyin. Mu ba su sunaye da ranakun haihuwa daidai da abin da ke takardunmu. Kada mu sayi fili da sunansu ba da saninsu ba. Kada mu haɗa su da baƙon da ba mu san manufarsa ba, kada kuma mu matsa musu da tambayar abin da suke yi a ofis. Wanda ya kame bakinsa a kan amanar aikinsa bai raina iyayensa ba. Tarbiyyarsu ce yake nunawa.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya sa mu cikin masu cika alkawari.