Shirin Musamman: Masu Gasar Tayar da Tsofaffin Wasannin Bidiyo

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)



Duk wanda ya taɓa riƙe wayar Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, ai ba sai an gaya masa labarin wasan macijin nan ba. Yana ci yana ƙara tsawo, har ya ciji wutsiyarsa, wasa ya ƙare. To, yanzu haka akwai wata gasa da ake yi a intanet, sunanta Nokia 3310 Jam, inda masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban ke ƙirƙirar sababbin wasanni bisa sharaɗin su yi kamar a kan waccan wayar za a buga su. Fuskar wasan kada ta wuce ɗigo 84 a faɗi da 48 a tsaye, launi biyu rak, sauti kuma ƙara ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke da kwamfutoci masu ƙarfin gaske ne suka ɗaure wa kansu hannu haka da gangan. Dalilinsu shi ne abin da shirinmu na yau zai bi diddigi.

(Kiɗa)

Bari mu fara da Birtaniya, domin can wannan al'ada ta yi jijiya. A 1982 kamfanin Clive Sinclair ya fitar da wata ƙaramar kwamfuta mai suna ZX Spectrum, wadda ake haɗawa da talabijin na gida, a ɗora mata wasa daga kaset irin na rediyo. Samfurinta mafi tsada ƙwaƙwalwarsa kilobayit 48 ce. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka hakan sau da yawa. Amma da ita yara suka koyi rubuta manhaja a ɗakunan kwanansu, wasu ma suka yi suna, kamar Matthew Smith, matashin da ya rubuta Manic Miner a 1983.

Da waɗannan yaran suka girma, kaset ya lalace, na'urorin suka mutu, sai suka fara sake gina wasannin ƙuruciyarsu domin su yi aiki a kwamfutar zamani. A shekarun 2000 wata ƙungiya mai suna Retro Remakes ta riƙa shirya gasa a kan haka: zaɓi tsohon wasa, ka sake shi da hannunka, ka ba jama'a kyauta, alƙalai su auna. A gasar 2006 an ba da ƙarfi ga yin wasan da masu buƙata ta musamman ma za su iya bugawa, misali wanda maɓalli ɗaya kawai yake iya dannawa.

Mai sauraro zai iya cewa, to ai wannan kwaikwayo ne, ina gwaninta a ciki? A nan nake so mu ɗan zauna.

Ɗauki Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara wa kamfanin Namco na Japan a 1980. Ido na ganin fatalwa huɗu suna bin ɗan wasa a lunguna, kamar kowacce tana gararambarta ne kawai. Sai ka zo sake ginawa, ka sa duka huɗun su bi shi kai-tsaye, nan take wasan zai zama salam, ba daɗi. Ashe kowacce da halinta. Ja ɗin tana bin sawunka. Mai ruwan hoda tana nufar gabanka ne, ta tare maka hanya. Shuɗiyar tana lissafi da inda kake da kuma inda ja take. Ta huɗun kuwa, mai ruwan lemo, tana zuwa kamar da gaske, amma da ta matso kusa sai ta juya ta nufi kusurwarta. Wanda ya buga wasan shekara goma bai zama dole ya san wannan ba. Wanda ya zauna sake shi kuwa, cikin mako guda zai ci karo da shi, ko yana so ko ba ya so.

Haka Space Invaders na 1978. Abokan gaba suna ƙara sauri yayin da kake rage su, har zuciya ta riƙa bugawa. Asalin abin ba dabara ba ce: na'urar ce ba ta da ƙarfi, in hotunan da take zanawa suka ragu sai ta yi sauri. Mai ƙirƙirar wasan, Tomohiro Nishikado, ya lura, ya bar shi haka. Mai sake wasan a kwamfutar yau dole ya ƙirƙiro wannan raunin da hannunsa, in ba haka ba ya yi gangar jiki babu rai. A Super Mario Bros. na 1985, wanda gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, girgije da ciyawa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya don a tsimin wuri.

Kamar yaron tela ne da maigidansa ya miƙa masa tsohuwar riga ya ce ya warware ta: a wajen warwarar yake ganin yadda aka yanka wuya, da inda aka ɓoye ɗinki. Ni a ganina wannan ne ainihin amfanin waɗannan gasanni, ya fi batun begen zamanin da ya wuce, wanda aka fi yawan jingina musu.

Malaman wata jami'a ma sun yarda da hakan. A Jami'ar Alicante da ke Sifaniya, a 2013 aka fara gasar CPCRetroDev, inda ɗalibai da sauran masu sha'awa suka riƙa rubuta wasa wa Amstrad CPC 464, kwamfutar 1984 mai kilobayit 64. Yawancin ɗaliban ba a haife su ba lokacin da ake yayinta. Wasu shekarun an ƙara maki ga wanda ya saka wata alama ta girmamawa ga wani tsohon wasa da aka zaɓa, kuma an riƙa tattara wasannin ana buga su a kaset na gaske. Ɗalibin da ya saba da na'urar da ke yafe masa almubazzaranci, a nan zai ƙirga kowane bayit kafin ya kashe shi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Akwai kuma masu yin abin a juye. Maimakon a sabunta tsoho, sai a ɗauki sabon wasa a mayar da shi baya, kamar a shekarun 1980 aka yi shi. A 2008 ƙungiyar masu ƙirƙirar wasa masu zaman kansu ta TIGSource ta yi irin wannan gasar, aka kuma riƙa sauya sunayen wasannin kamar kayan jabu. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Jasper Byrne, da Soundless Mountain II, wato ya matse wasan ban tsoro na Silent Hill 2 cikin zane irin na tsohuwar Nintendo. Daga wannan gwajin ne ya samo hanyar da ta kai shi ga nasa wasan, Lone Survivor, wanda ya fitar kasuwa a 2012. Ed Fries kuma, tsohon babban jami'i a sashen wasanni na Microsoft, a 2010 ya cusa wasan Halo cikin kilobayit 4 don na'urar Atari 2600 ta 1977.

Af, kada in manta da wata gasar mai ban dariya. Tun 1996 masoya Spectrum ke yin gasar wasa mafi muni, don tunawa da wani kaset na 1983 mai suna Cassette 50, wanda ya tara wasanni hamsin da suka yi ƙaurin suna wajen rashin kyau. Ka ga a nan, in wasanka ya yi kyau ka faɗi ke nan.

Sai dai fa, jama'a, kayan nan suna da masu su. Nan ne ake samun tirka-tirka.

Milton Guasti, ɗan ƙasar Ajantina, ya shafe kusan shekara goma yana sake gina Metroid II, wasan Game Boy na 1991. Ya saki aikin kyauta a watan Agustan 2016 da sunan AM2R, 'yan kwanaki kaɗan Nintendo ya aiko da takardar haƙƙin mallaka, aka sauke shi. Haka ya faru da Streets of Rage Remake, wanda wasu masu sha'awa suka yi shekara takwas a kansa, Sega ya sa aka janye shi a 2011. Abin mamaki, a 2011 ɗin ce Sega ɗin dai ya fitar da Sonic CD da Christian Whitehead na Ostareliya ya sake ginawa. Shi ma mai sha'awa ne, ya nuna gwajinsa a 2009, kamfanin ya ɗauke shi aiki maimakon ya aika masa da lauya, har ya jagoranci Sonic Mania a 2017. Guasti ma bai tashi a tutar babu ba: Moon Studios ya ɗauke shi ya yi aiki a kan Ori and the Will of the Wisps.

Doka dai tana bayan kamfanoni, wannan babu ja. Amma wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin binciken. Mai abu ba ya sayarwa, bai kuma yarda wani ya gyara ba. Ina ganin kamfanin da ya kulle wasa a rumbu shekara talatin, ya kamata ya sassauta wa wanda ya share masa ƙura kyauta.

Shi ya sa yawancin gasannin yanzu suka sauya salo. Ba sa cewa ka sake wasan wane. Ƙa'idojin tsohuwar na'ura kawai suke ara, waɗanda ba mai kai ka kotu a kansu. A GBJam, ɗigo 160 da 144 ne da launi huɗu, irin na Game Boy. A js13kGames, wadda Andrzej Mazur na Poland ya fara a 2012, wasanka kada ya wuce kilobayit 13, kuma wata guda ake bayarwa, daga 13 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba. Shiga kyauta ne, ta intanet ake miƙa aiki, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma ta isa.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)